Bashin auduga ya hana ni barci, Baba kuma ya ce sai mun ƙara gona

Assalamu alaikum Malam. Dan Allah a sakaya sunana. Ni manomi ne a wani ƙauye a yankin Funtua, shekarata 34, mata ɗaya yara 4, kuma ni ke riƙe da gandun gidanmu tunda ƙarfin Baba ya fara ja baya. Mu gidan auduga ne tun kakanni, kaɗa dai kamar yadda tsofaffinmu ke cewa. Bara wani ejan na kamfanin gurza ya zo ya bamu iri da taki da magani bashi, akan in kaka ta yi mu kai musu auduga su cire nasu su bamu saura. Na zuba kadada 3 duk auduga, masara ɗan kaɗan kawai na yi a bayan gida. Kayan basu iso ba sai da watan Yuli ya yi nisa, muna gama shuka ruwa ya ɗauke kusan kwana 18 sai da muka sake shuka wani ɓangare. Da ta fara ƙwallo tsutsa ta shiga, maganin da suka bamu ya ƙare, na sayo wani a kasuwa na fesa sau biyu wallahi kamar ruwa na zuba mata. Har awakin matata guda 3 na sayar na ƙara a ciki. Ranar awo kuma aka ce audugata lamba biyu ce wai akwai datti, kuma farashin da ejan ya faɗa mana da baki tun farko ba shi aka biya ba. Ƙarshe dai saura naira dubu 420 a kaina, hatsinmu ya ƙare tun watan Maris, yanzu awo muke yi.

Toh yanzu ejan ɗin ya dawo ya ce za su ƙara bani kaya bana amma sai in na yi kadada 5, wai da haka ne zan biya tsohon bashi da sabo lokaci ɗaya. Kuma ba zan samu 5 ɗin ba sai na haɗa da gonarmu ta bakin daji wadda muka bari shekara biyu saboda rashin tsaro. Baba ya ce in karɓa, yace auduga ce ta kai shi Makka ita ta yi mana aure dukanmu, ba za a daina ta yana raye ba. Matata kuma ta ce in rabu da auduga kwata-kwata in yi masara da waken suya, tun maganar awakin nan ma ba ta cika yi min magana ba sai abinda ya zama dole. Wani abokina ya ce in karɓi kayan in sayar da rabin takin, in kaka ta yi kuma in kai audugar wani wuri da dare. Malam bana iya barci. Me zan yi?

Wani manomi daga yankin Funtua

Wa alaikumus salam ƙanena. Na karanta saƙonka sau biyu, kuma abinda ya fi tsaya min a rai ba dubu 420 ɗin bane, maganar da ka yi ce ta cewa kuna awo tun watan Maris. Mutum mai kadada 3 na gado, ya wuni a gona damina guda, sannan ya tsaya gaban mai awo yana cewa a auna masa tiya biyu. Nan ne ciwon yake. Bashi kam hanji ne yana cikin kowa, kuma wannan adadin da ka faɗa ba wanda zai gagari gidan manoma biya bane in an bi shi a hankali. Amma rumbu wayam shi ke sa magidanci ya karɓi duk sharaɗin da aka gindaya masa, ya sa hannu a abinda in da ƙoshi yake ba zai ko kalla ba. Don haka duk abinda zan faɗa maka a ƙasa, a kan abu ɗaya yake tsaye: bana abincin gida ne farko, auduga ta biyo baya daidai ƙarfinka.

Bari mu fara da abinda ya faru bara, don naga kana ɗora wa kanka laifin duka kuma ba haka bane. Auduga shuka ce mai dogon zango, tana cin wata biyar zuwa shida a gona, shi yasa a ƙasarmu ta nan malaman gona ke cewa a shuka ta daga tsakiyar Yuni zuwa farkon Yuli. Kai kuma kayan sun zo maka Yuli ya yi nisa, ga fari ya sa ka sake shuka. Kaga tun daga nan lissafin ya karkace, domin audugar da aka shuka a makare tana fure da ƙwallo ne a lokacin da ruwa ke shirin ɗaukewa kuma tsutsa ta riga ta yi yawa a gonakin maƙwabta da suka riga ka, sai ta taru a kan taka mai ɗanyen ƙwallo. Jinkirin kaya ba laifinka bane, farin kwana 18 na Allah ne, jabun magani kuma zaluncin wanda ya sayar maka ne. Inda naka kuskuren yake guda biyu ne kuma zan faɗa maka ba ɓoye-ɓoye: ka zuba gonar duka a abu ɗaya wanda ba a tuƙa tuwo da shi, kuma ka yarda da farashin baki ba takarda. Su biyun nan duk a hannunka gyaransu yake.

Maganar kadada 5 kuwa, a'a. Ban ma tsaya dogon tunani a kanta ba. Mutumin da kadada 3 ta fi ƙarfin aljihunsa wajen feshi har sai da ya taɓa awakin matarsa, ta yaya 5 za ta yi masa sauƙi? Auduga ba irin dawa bace da zaka shuka ka yi noma biyu ka jira kaka, tana son a yi mata firi da wuri don ciyawar makonni shidan farko ita ke kassara ta, tana son a rage ta a bar biyu a rami, tana son taki a kan lokaci, ga feshi, ga kuɗin masu tsinka wanda shi ma ba wasa bane. Duk kadadar da ka ƙara, duk waɗannan ka ƙara. In damina ta yi kyau ƙila ka fita, in ta sake yin irin ta bara kuma bashin ya ninka ya koma abinda sai an sayar da gona. An gudu gara an faɗa zago kenan. Ita kuwa gonar bakin daji, ƙanena, kun barta ne don wani dalili kuma ba ka ce min dalilin ya kau ba. Auduga ma ita ce mafi muni a irin wannan wurin saboda tana buƙatar a riƙa zuwa kusan kullum, kuma tsinkarta sau biyu sau uku ake yi da mata da yara a cikin gona. Ba bashin da ya kai a sa su a wannan hanyar.

Ban ce ejan ɗin mugu bane fa. Galibi irinsu nasu samun yana tafiya ne da yawan audugar da suka tara wa kamfani, toh dole ya so ka faɗaɗa. Shi ma kamfanin yana da nasa kukan, injin gurza in ba auduga ƙarfe ne kawai a ajiye, kuma an sha karɓar kayansu a gudu da amfanin wani wuri. Wannan ya kawo ni kan shawarar abokinka. Kar ka yi. Ka bar ma maganar haram ɗin cin amana wadda kai ma ka sani, ko a lissafin duniya asara ce. Ka sayar da rabin taki, audugar ta fito a tsumbure, ka kai ta wani wuri da dare wanda zai saya ya san a matse kake ya taya maka yadda ya ga dama, sannan sunanka ya ɓaci a wajen duk masu bada kaya a yankin, har ma ya shafi ƴan ƙungiyarku in bashin na haɗaka ne. Sunan gidanku na manoman auduga masu cika alkawari shi ne jarin da ya rage maka a wajen tattaunawa, kar ka sayar da shi a kuɗin buhun taki.

Yanzu Baba. Allah ya ƙara masa lafiya, gaskiya yake faɗa, sai dai gaskiyar zamaninsa ce. Lokacin da yake tasowa akwai fuloti, a kai auduga a duba lamba a auna a biya a farashin da hukuma ta yanka, manomi ya san abinda zai samu. Gidajen gurza na Funtua da Malumfashi da Gusau da Zariya tun zamanin BCGA, kamfanin auduga na Turawan Ingila, aka kafa su, ga masaƙun Kaduna da Kano suna jiran kaya, Kaduna kaɗai ma'aikatan masaƙa dubbai ne. A 1986 gwamnati ta rushe hukumomin sayen amfanin gona, farashi ya koma hannun kasuwa, daga baya kuma masaƙun nan suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya saboda rashin wuta da shigowar yadi mai araha daga waje. Yau farashin da za a taya maka a Funtua yana da alaƙa da abinda ke faruwa a kasuwar duniya wadda ba ruwanta da wahalarka, a 2022 laba ɗaya ta gurzajjiyar auduga ta haura dala ɗaya da rabi a kasuwar New York, a 2024 ta dawo wajen santi 70. Ga cire tallafin mai a 2023 da faɗuwar naira sun ɗaga kuɗin taki da magani da mota. Ƴan'uwanmu da ke noma a arewacin Kamaru wajen Garwa har yanzu kamfanin Sodecoton kan sanar musu da farashi kafin shuka, haka ma a Mali da Burkina Faso, mu kuwa a nan kowa tasa ta fisshe shi. Toh audugar da ta kai Baba Makka tana da bango a bayanta, taka ba ta da shi.

Amma kar ka je masa da wannan a matsayin gardama, kar ma ka furta kalmar "dainawa" a gabansa. Tsoho in ya ce ba za a daina abu yana raye ba, sau da yawa ba lissafin kuɗi yake ba, tsoro yake kar a nuna masa cewa zamaninsa ya wuce kuma ba a buƙatar saninsa. Ka same shi bayan sallar isha'i ku biyu, ko ka tafi da wani ƙaninsa ko aminin da yake jin maganarsa, ka ce Baba auduga tana nan ba inda za ta, amma ina so bana mu yi kadada ɗaya wadda za a zo kallo, kai zaka zaɓa mana wace gona ta fi dacewa da ita. Ka tambaye shi, a zamaninsu akwai shekarar da suka taɓa barin rumbu ba dawa saboda kaɗa? Na tabbata zai ce maka a'a, domin mutanen da sai sun gama da hatsi suke waiwayar auduga. Kaga maganarka ta fito daga bakinsa. Sannan akwai hujjar da zai so ji: auduga tana rage ƙudujin nan wato wuta-wuta a gona, saiwarta na sa ƙwayar ƙudujin ta tsiro ta rasa abin kamawa ta mutu, shi yasa dawa ko masarar da ta biyo bayan auduga ke yin kyau. Waken suya ma yana yin haka kuma yana ƙara wa ƙasa ƙarfi. Wato juya gonakin da zaka riƙa yi ba gudun gado bane, gyaran gadon ne.

Uwargida kuma, ƙanena, ka ji tsoron Allah a kan awakin nan. Ba ka faɗa min ko da yardarta ka sayar ba, amma shirun da take yi ya bani amsa. Dukiyar mace tata ce, kuma a karkara akuya ita ce asusunta, ita ce kuɗin asibitin yaro da tsakar dare, ita ce kayan ɗakin ƴarta. Bashin kamfani kana ƙirga shi har da adadi, nata kuwa ko a lissafi baka sa ba. Ka zauna da ita ka ce na ci miki bashin awaki 3 kuma zan biya, ka sa lokaci, ko da ɗaya zaka fara mayarwa da kaka. Kuma ka gaya mata shawararta ta shiga, don tsarin da zan baka kusan kashi biyu cikin uku nata ne. Inda ban bi ta ba shi ne barin audugar gaba ɗaya, saboda kuna da sanin ta a gidan, akwai bashin da sai da ita zai fi sauƙin biya, kuma masara ma ba ta da tabbas, tana shan taki sosai, ga tsutsar nan mai cin masara da ta shigo ƙasar nan tun 2016, ga farashinta kan faɗi warwas da kaka. Ita auduga in ta kafu saiwarta na nutsawa ƙasa, ta fi masara jure ɗan fari. Kowanne da ranar da yake ceton mai shi.

Toh ga yadda nake ganin kadada 3 ɗin nan. Wajen ɗaya da rabi hatsi, masara da dawa, ka lissafa buhun da gidanku ke ci a shekara ka tabbatar gonar zata iya fidda shi, dawa kuma kar ka raina ta don ba ta cin taki kamar masara. Rabin kadada waken suya ko wake, abinda zaka sayar da wuri ka samu kuɗin biyan masu tsinkar auduga ba tare da ka je wajen mai ba-da-kaka ba. Ɗaya auduga, a gonar da ruwa baya kwanciya don ba ta son jiƙa ƙafa. Kai ka san gonakinka ka iya matsa wannan ka rage wancan, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Sai zama da kamfani, kuma ina so ka je tun yanzu kafin ruwa ya sauka, kar ka tsaya a kan ejan kaɗai, ka nemi ganin na sama da shi, ka tafi da shugaban ƙungiyarku ko wani dattijo mai karatu. Ka fara da cewa ka amsa bashin kuma kana da niyyar biya, wannan kalmar kaɗai tana sanyaya su. Sannan ka nemi a baka lissafin bara a rubuce, nawa aka sa maka iri, nawa taki, nawa magani, kilo nawa ka kai, a wane farashi, me aka cire. Ka duba ko an cire kuɗin inshora a ciki, don irin waɗannan basussukan sau da yawa akan haɗa da shi manomi bai sani ba, in an cire ka tambaya wa aka biya kuma me yasa ba a zo duba gonarka ba lokacin fari. Ka tuna musu cikin ladabi cewa kayansu sun makara. Abinda zaka nema shi ne a raba maka tsohon bashin kaka biyu ko uku ba tare da ƙari a kai ba, a baka kayan kadada ɗaya bana, a rubuta ranar da kayan zasu iso hannunka, a rubuta farashi ko aƙalla mafi ƙarancin farashi da yadda za a fidda shi, na lamba ɗaya da na lamba biyu, kuma ranar awo kana tsaye a gaban sikeli a baka risit. Ko a addini ma ciniki irin na biya yanzu a kawo kaya daga baya sai an fayyace adadi da siffa da lokaci, kuma aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka, don haka ba rashin yarda bane ka ce a rubuta.

In suka ƙi, suka ce 5 ko babu, toh ka ce babu. Ka yi audugarka ta rabin kadada ko ɗaya da kuɗinka da takin gargajiya gwargwadon hali, ka riƙa rage musu bashin daga abinda ka sayar, ka karɓi takarda duk biyan da ka yi. Zai ɗau lokaci amma ba mai kwace maka gona.

Kan iri, ka nemi mai asali. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya ita ta fidda jerin irin da ake kira SAMCOT, kuma malamin gona na yankinku zai gaya maka wanda ya dace da ƙasarku. Akwai kuma irin nan na Bt da aka amince da shi a Najeriya a 2018, wanda ke kashe tsutsar ƙwallo da kansa. Yana rage feshi sosai a kan tsutsa, amma ka san abu uku kafin ka sa kuɗinka: yana da tsada kuma ba a ajiye anguryarsa a sake shukawa, baya hana ƙwari masu tsotsar ruwan ganye irin su darɓa, kuma ba tsafi bane, a Indiya jar tsutsa ta riga ta saba da shi, Burkina Faso kuma ta ajiye nata a 2016 saboda zaren ya gajarta masu saye suka rage kuɗi. In zaka gwada ka tabbatar daga hannun dila na gaskiya ya fito cikin ledarsa a rufe, kuma ka tambayi mai sayen audugarka ko yana karɓa.

Maganar ƙwari ita ce inda nafi so ka canza hali. Yawancinmu sai mun hango gona ta canza kala daga bakin hanya muke ɗauko famfo, alhali tsutsa in ta riga ta huda ƙwallo ta shige ciki magani baya isa gare ta, ƙila ma wani ɓangare na abinda ya same ka bara kenan ba jabun kaɗai ba. Daga lokacin da ta fara fure, wajen wata biyu bayan shuka, ka riƙa shiga gonar sau biyu a sati da sassafe, ka ratsa ta daga wannan kusurwa zuwa waccan, ka tsaya a kan tushe kamar 20, ka juya bayan ganye, ka duba toho da fure. In kaga fure ya faɗi da ɗan rami a gindinsa, ko ɗan kashin tsutsa a jikin ƙwallo, ko gefen ganye ya fara rawaya yana nannaɗewa ƙasa yana komawa ja, lokacin ne. Wannan na ƙarshen alamar wani ɗan mitsitsin ƙwaro ne kore mai tsalle wanda ya yi wa manoman auduga mummunar ɓarna a Mali da Kwaddibuwa da Burkina Faso a 2022, kuma yana son kuɓewa, don haka ka nisanta kuɓewa da rama daga audugarka. Magani kuma ka saya tun kafin buƙata ta taso a shagon da zaka iya komawa ka yi ƙorafi, ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa da murfin, ba wanda ake ɗurawa a gorar ruwa a kasuwar ƙauye ba. Kar ka riƙa maimaita iri ɗaya duk damina, ƙwarin na sabawa. Ku haɗu ku biyar ku shida ku sayi katan ya fi araha, kuma ku yi feshi a mako guda don kar ƙwarin su riƙa gudu daga gonar wannan zuwa ta wancan. Dan Allah ka rufe jikinka da hancinka, kar yaro ya riƙe maka famfo, kar a wanke kwalbar a zuba mai ko gishiri.

Ita kuma lamba biyun da aka baka, wani lokacin zalunci ne, wani lokacin kuma mu ne. Auduga tun daga hannun mai tsinka ake samun lambarta. A bari raɓa ta bushe kafin a fara, a tsinci fara tas daban, mai tabo da wadda ƙwaro ya ɓata daban, kar a zube ta a ƙasa, kuma a guji buhun leda irin na taki domin zarensa na shiga cikin audugar ya ƙi fita har masaƙa, in an rina yadi wurin ya ƙi kama rini, wannan na cikin abinda ya zubar da darajar audugar ƙasar nan a waje. Buhun yadi ko tsohon zani ya fi. Masu yayyafa ruwa ko zuba yashi don nauyi kuwa su suka ja mana ake yi wa kowa kallon mai algus. In ka kai taka tsaf a ware gida biyu, kana da bakin cewa a buɗe a duba. Bayan tsinkar ƙarshe kuma ka tuge itacen ka ƙone ko a kwashe a yi girki da shi kafin damina, kar a bar shi tsaye, a nan tsutsa ke kwana ta jira shekara mai zuwa.

Inshora zan taɓa a gurguje. Akwai hukumar NAIC ta gwamnati da ke yin inshorar amfanin gona a kan irin su fari da ambaliya da annobar ƙwari, ta ƙungiya ya fi sauƙin shiga, sharaɗin dai a kai rahoto da wuri tun ɓarnar na gona a zo a gani. Ba ta biyan faɗuwar farashi. Hasashen damina da hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, ke fitarwa farkon shekara kuma ana karanta shi a rediyo da Hausa, ka saurara, ba wahayi bane amma yana taimakawa wajen sanin ko a yi saurin shuka ko a ɗan jira ruwa ya zauna.

Rashin barcin nan kuma kar ka riƙe shi kai kaɗai, tun da ka rubuto min ai ka fara sauke shi. Tsakanin yanzu da kaka akwai watannin awo a gabanku, in akwai aikin hannu ko ɗan kasuwancin da zaka taɓa kafin shuka ka taɓa, in akwai ɗan'uwa a birni da zai ranta maka buhu biyu na masara a mayar masa da kaka ka cire kunya ka tambaya, ya fi ka ci daga cikin takin gona. Ka fara da uwargida a daren yau, Baba gobe, kamfani cikin satin nan. In sun baka lissafin a rubuce ka turo min hotonsa ka rufe sunanka, mu duba tare kafin ka sa hannu a komai. Allah ya bamu damina mai albarka, ka gaida Baba.